Kalmar Salla: Gaɓoɓinta, Abokan Amonta da Danginta

Daga Gidan Rumji zuwa Agye, daga Agye zuwa Gazawa, babu garin da ba a jin kalmar salla a cikinsa kowace rana. Yaro yakan san ta tun bai shiga makaranta ba. Amma ranar da aka ce ya rubuta ta a allo, sai a ga bambanci. Wani ya rubuta sala, wani ya rubuta sallah, wani kuma ya ɗauka ita da sallama uwa ɗaya ta haife su. Wanda yake so ya rubuta kalma daidai, ya kuma fahimce ta sosai, sai ya yi mata tambayoyi uku. Gaɓa nawa gare ta? Waɗanne kalmomi ne suke amsa amonta? Su wane ne danginta?

1. Mece ce gaɓa?

Duk wanda ya taɓa riƙe karan dawa ko sandar rake ya san gaɓa. Kara ɗaya ne, amma a rarrabe yake, gaɓa bayan gaɓa. Haka kalma take. In aka faɗe ta sannu a hankali, sai a ji tana yankewa a wasu wurare. Kowane yanki shi ake kira gaɓa.

Hanya mai sauƙi ta ƙidaya gaɓoɓi ita ce tafi. A faɗi kalmar sannu, a yi tafi ɗaya duk lokacin da baki ya buɗe.

sal-la: tafi 2
Ma-ra-ɗi: tafi 3
Ga-za-wa: tafi 3
Gan-ga-ra: tafi 3
Gi-dan Rum-ji: tafi 2 da tafi 2

Gaɓar Hausa iri uku ce. Ta farko, baƙi da gajeren wasali, kamar gi a cikin gida. Ta biyu, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, kamar ra a cikin rana, ko kai, ko sau. Ta uku, baƙi da wasali da wani baƙi wanda ya rufe ta, kamar gul a cikin gulbi. Ta farko marar nauyi ce. Ta biyu da ta uku masu nauyi ne, domin sun fi daɗewa a baki. Gaɓoɓin salla duka biyu masu nauyi ne: sal a rufe take, la kuma wasalinta dogo ne.

Akwai abu biyu da za a lura da su.

Na ɗaya, wasu baƙaƙe ana rubuta su da harafi biyu, amma sautinsu ɗaya ne. Su ne irin su ts, sh, gy, ky, kw, ƙw da gw. Ba a raba su. Saboda haka ake cewa Tsi-bi-ri, A-gye, gya-ɗa, ƙwal-la.

Na biyu, kowace gaɓar Hausa da baƙi take farawa. To, yaya ke nan asuba da alwala, waɗanda ake rubutawa da wasali a farko? Akwai wani ɗan baƙi da ake yi a maƙogwaro kafin wasalin ya fito, ana kiransa alhamza. A farkon kalma ba a rubuta shi. A tsakiyar kalma kuwa ana sa masa alama, kamar a cikin ad-du-'a, ra-ka-'a da Ju-ma-'a.

2. Me ya sa ake rubuta l biyu?

Gaɓoɓin ne suke ba da amsa. Gaɓar farko sal ce, l ɗaya ya rufe ta. Gaɓa ta biyu la ce, wani l ya buɗe ta. Kowane da aikinsa. In aka cire ɗaya, kalmar ta koma sa-la, wato siririn yankan nama. Ga waɗansu kalmomi da baƙi ɗaya tak ya raba:

ba-ba da bab-ba
ka-la, wadda ake yi a gona bayan girbi, da kal-la, wato duba
da-la, kuɗin nan na tamma biyar, da dal-la-dal-la

Ɗalibin da ya rubuta "baba ya zo" alhali yana nufin "babba ya zo" ya aika da saƙon da bai yi niyya ba.

Sai maganar h da wasu suke sa wa a ƙarshe. Kalmar daga Larabci ta fito, kuma Balarabe in ya tsaya a kanta yakan ƙarasa da wani ɗan sauti mai kama da h. Bahaushe ba ya faɗin wannan sauti. Shaida ita ce, in aka haɗa kalmar da wata sai a ce sallar asuba, sallar layya. Babu h ko kaɗan. Ƙa'idar rubutun boko ita ce a rubuta abin da bakin Bahaushe yake faɗi. Sunan Allah ne aka saba rubutawa da h, kuma haka aka bar shi.

Ƙa'idojin rubutun nan, mutane ne suka zauna suka shirya su. A shekarar 1966 masana suka taru a Bamako, ƙarƙashin hukumar UNESCO, don daidaita haruffan waɗansu harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa. A shekarar 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yara suka fara karatu da Hausa kafin Faransanci. Amfanin ƙa'ida ɗaya shi ne, abin da yaron Gangara ya rubuta, yaron Kano ko na Tawa ya karanta shi ba tare da wahala ba.

A ƙasar Gobir da ta Katsinar Maraɗi mutane da yawa sukan ce sallal layya maimakon sallar layya, su ce hitila maimakon fitila. Wannan karin harshe ne, ba kuskure ba ne. In aka yi tafi za a ga yawan gaɓoɓin bai sake ba: sal-lal lay-ya 4 ne, sal-lar lay-ya ma 4 ne. A magana kowa da karinsa, a rubutu kuwa ana bin hanya ɗaya.

3. Sunayen salloli biyar

a-su-ba: gaɓa 3, raka'a 2
a-za-har: gaɓa 3, raka'a 4
la-'a-sar: gaɓa 3, raka'a 4
ma-ga-ri-ba: gaɓa 4, raka'a 3
li-sha: gaɓa 2, raka'a 4

Jimlar raka'o'in 17 ce. Jimlar gaɓoɓin 15 ce. Wanda ya ce isha'i maimakon lisha ya ƙara gaɓa ɗaya, sun zama 16.

Dukan sunayen nan daga Larabci aka aro su, amma Hausa ta gyara su daidai bakinta. Larabci yana iya jera baƙi biyu a ƙarshen kalma. Hausa ba ta yin haka, sai ta saka wasali tsakaninsu ko bayansu. Shi ya sa sunayen suka fi tsawo a Hausa.

Akwai kuma wata ƴar kalma, al, wadda Larabawa suke sa wa a gaban suna. Hausawa sun aro kalmomi da yawa tare da ita. A wasu ta zauna cikakkiya: alwala, alƙibla, alƙali, Alhamis. A wasu l kaɗai ya rage: lisha, la'asar, liman, ladan, Lahadi, Laraba.

4. Hausa, Faransanci da Ingilishi

Ɗan ajin harshe biyu yana da wata dabara a Hausa. Yawan wasulan kalma shi ne yawan gaɓoɓinta, muddin an ɗauki ai da au a matsayin wasali ɗaya. Masallaci tana da wasali 4, gaɓa 4. Masallatai tana da haruffan wasali 5, amma ai tagwaye ne, saboda haka gaɓa 4 ce: ma-sal-la-tai.

Wannan dabara ba ta aiki a Faransanci. Kalmar mosquée, wato masallaci, tana da haruffan wasali 4, amma gaɓa 2 ake ji. Kalmar prière, wato salla ko addu'a, tana da haruffan wasali 3, ita ma gaɓa 2 ake ji. Dalili shi ne Faransanci yana rubuta haruffan da ba a faɗi.

A Ingilishi abin ya fi haka. Masallaci shi ne mosque. Haruffa 6 ne, 3 daga cikinsu wasula, amma tafi ɗaya tak ake yi. Larabawa suna cewa masjid, gaɓa 2. Kalmar Faransanci da ta Ingilishi duka daga wannan ta Larabci suka samo asali, bayan ta bi ta harsunan kudancin Turai. Ga gini ɗaya da sunaye huɗu:

Ingilishi: gaɓa 1
Faransanci: gaɓa 2
Larabci: gaɓa 2
Hausa: gaɓa 4

Wani bambancin kuma, harsunan Turai suna fara gaɓa da baƙi biyu a jere, kamar pr a cikin prière. Hausa ba ta yarda da haka ba. In ta aro irin wannan kalma sai ta raba baƙaƙen da wasali. Sunan ƙasar France gaɓa 1 ne a bakin masu ita, a Hausa ya zama Fa-ran-sa. Kalmar Ingilishi bread gaɓa 1 ce, a Hausa ta zama bu-ro-di.

A shekarar 2025 aka mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar, aka sa Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Ɗalibi zai haɗu da dukan ukun. Abin da zai riƙe shi ne, a Hausa ido da kunne sukan yarda da juna, a sauran biyun kuwa sai a saurara da kyau kafin a ƙidaya.

5. Abokan amo

In gaɓar ƙarshe ta kalmomi biyu ta zo iri ɗaya, sai a ce suna amsa amon juna. Wannan shi ne amsa-amo, malamai kuma suna kiransa ƙafiya. Gaɓar ƙarshe ta salla ita ce la. Ga masu amsa ta:

masu gaɓa 2: tal-la, ƙwal-la, da-la
masu gaɓa 3: al-wa-la, al-ƙib-la, na-fi-la, fa-la-la, fi-ti-la

Talla da ƙwalla sun fi kusa da ita, domin su ma da l biyu suke. Masu cewa alwalla su ma sun ƙara matso da tasu kusa. Tabarma kuwa, ko da yake da a ta ƙare, gaɓarta ta ƙarshe ma ce, saboda haka ba ta cikin wannan layi. A cikin salloli biyar, asuba da magariba suna amsa juna da ba.

Faransanci ma yana da irin wannan: prière, rivière, lumière. Ingilishi yana da pray da day.

Amfanin amsa-amo a waƙa yake fitowa. Ga layuka huɗu da aka shirya domin wannan darasi:

Ladan ya kira, an yi alwala,
Liman ya zo ya dubi alƙibla,
Sahu ya cika, an ta da salla,
Kaka a ɗaki tana nafila.

Kowane layi gaɓa 10 ne, kowane kuma da la ya ƙare. Yaro in ya ji su sau biyu ko uku ya hardace, domin kunnensa yana jiran la ɗin nan a ƙarshen kowane layi. Marubuta waƙa na sosai ba su tsayawa a ƙidaya kaɗai. Suna auna gaɓa mai nauyi da marar nauyi, su jera su bisa tsari. Wannan shi ake kira karin waƙa.

Malaman da suka rubuta waƙoƙin addini sun san wannan amfani. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasar Gobir a shekarar 1754, ya yi wa'azi da waƙa. Ƴarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta rubuta waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa. Mata sukan hardace su, su koma ƙauyukansu su koya wa waɗansu. A wancan zamani kowane littafi da hannu ake kwafarsa, takarda kuma tana da tsada. Amsa-amo da kari su suka taimaki waɗanda ba su da littafi suka riƙe ilimi a ka.

A rubutacciyar waƙa mai baiti biyar-biyar, wato mai layi biyar a kowane baiti, akan sami amsa-amo iri biyu. Layuka huɗu na farko suna amsa juna, wannan shi ne ƙaramin amsa-amo, kuma yana sakewa daga baiti zuwa baiti. Layi na biyar kuwa da gaɓa ɗaya yake ƙarewa tun daga farkon waƙa har ƙarshenta, wannan shi ne babban amsa-amo. Mawaƙan baka masu kiɗa ba su ɗaure kansu da wannan doka ba, su kiɗa da amshi ne suke riƙe musu waƙa.

6. Dangi

Talla tana amsa amon salla, amma babu abin da ya haɗa ma'anarsu. Dangin kalma su ne waɗanda suka tsiro daga saiwa ɗaya da ita. Ga dangin salla:

sal-lo-li: jam'in salla
sal-la-ta: aikin yin salla, kamar a ce an sallaci azahar, ko an sallaci mamaci
ma-sal-la-ci: wurin da ake salla, jam'insa masallatai
ma-sal-la-ci: mutumin da yake salla, jam'insa masallata
sa-la-ti: wanda ake yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi da salla kalmar Larabci ɗaya ce tushensu
Sal-lau da Ta-sal-la: sunan namiji da na mace da aka haifa ranar salla

Masallaci na wuri da masallaci na mutum rubutunsu ɗaya ne. Hawa da saukar murya ne suke raba su, sai kuma sauran maganar da ke kewaye da su.

Hausa ba ta aro masjid ba, ta gina tata kalma da kayanta. Ta ɗauki sallata, ta sa mata ma a gaba, ta sa i a ƙarshe. Da wannan ma ɗin aka gina kalmomi masu yawa:

sauka, masauki
zauna, mazauni
karanta, makaranta
ƙera, maƙera, maƙeri
noma, manomi

To, ina t na sallata ya tafi? Dokar Hausa ce, t yakan koma c in i ko e ta biyo shi. Shi ya sa ake cewa mota, motoci, ake cewa karanta, karanci. Da zarar a ta dawo, t ma ya dawo: masallaci, masallata.

Bayan waɗannan akwai maganganun da aka haɗa da kalmar. Ƙaramar Salla tana zuwa ranar 1 ga watan Shawwal, bayan azumi. Babbar Salla, wato sallar layya, tana zuwa ranar 10 ga watan Zulhajji. Ana cewa kayan salla, tuwon salla, goron salla, yawon salla, barka da salla. A garuruwan sarakuna, irin Tsibiri inda fadar Sarkin Gobir take, ana cewa hawan salla. A nan kalmar ta ƙara faɗi: ban da ibadar kanta, ta zama sunan ranar idi da bukinta.

7. Kama da wane ba ta wane

Sal-la-ma ta ɗauki salla gaba ɗaya ta ƙara ma. Duk da haka ba danginta ba ce. Almajirin makarantar allo zai iya nuna dalili. A Larabci salla da harafin ص take farawa, wanda almajirai suke kira sodi. Sallama kuwa da harafin س take farawa, wato sin. Hausa ta mai da haruffan biyu s ɗaya, shi ya sa kalmomin suka yi kama.

Ma'ana ma ta raba su. Sallama daga saiwar aminci da miƙa wuya ta fito. Danginta su ne salamu alaikum, Musulmi, Musulunci da sunan Salamatu. Baƙo yakan yi sallama a ƙofar gida. Malam yakan sallami ƴan aji in lokaci ya yi. Ko a cikin salla akwai sallama, ita ce ake rufe salla da ita. Suna haɗuwa a masallaci ɗaya, amma kowace da gidansu.

Saboda haka kafin a ce kalmomi biyu dangi ne, sai a duba abu biyu tare: saiwarsu ɗaya ce? Ma'anarsu tana komawa wuri ɗaya?

8. Maƙwabta

Akwai rukuni na uku. Waɗannan ba su fito daga saiwar salla ba, amma duk inda aka ambace ta suna kusa. Su ne maƙwabtanta a ma'ana:

masu gaɓa 2: li-man, la-dan, sa-hu, bu-ta, bu-zu
masu gaɓa 3: ra-ka-'a, ru-ku-'u, su-ja-da, tai-ma-ma, tas-ba-ha, dar-du-ma

Kalma ɗaya tana iya shiga rukuni biyu. Alwala da alƙibla da nafila abokan amo ne, maƙwabta ne kuma. Tasalla dangi ce, tana kuma amsa amo. Masallaci dangi ne, amma da ci ya ƙare, ba ya amsa amon salla. Shi abokan amonsa su ne lokaci, abinci da rakumin da ake kira amale ba ya ciki, domin da le ya ƙare.

Abin riƙewa

Gaɓa da tafi ake ƙidaya ta. Abokin amo da kunne ake gane shi, a gaɓar ƙarshe. Dangi da saiwa da ma'ana ake gane su. Maƙwabci da wurin aiki ake gane shi.

Aiki

1. A raba waɗannan gaɓa-gaɓa, a rubuta yawansu: azumi, aljanna, Alƙur'ani, Cadakori, Saye Sabuwa, makaranta.
2. A nemo kalmomi 5 masu amsa amon azumi, da 5 masu amsa amon asuba.
3. A ware dangin salla daga cikin waɗannan: masallata, sallama, talla, salloli, Salamatu, Sallau, alwala.
4. A nemo dangin kalmar karatu guda 4.
5. A ƙidaya haruffan wasali da gaɓoɓin waɗannan kalmomin Faransanci, a gwada su da na Hausa: école da makaranta, eau da ruwa.
6. A rubuta layi 2 masu gaɓa 8 kowane, su ƙare da la.
7. A gida, a tambayi wani babba yadda ake faɗin sunayen salloli biyar a garinsu. A rubuta su, a yi musu tafi, a kawo aji gobe.